Kira ga Mahukunta Kan Gadoji da Mashigan Ruwa na Hanyoyin Dakoro

Zuwa ga Mai girma Ministan da ke kula da hanyoyi da manyan ayyuka, da Mai girma Gwamnan jihar Maradi, da Shugaban gundumar Dakoro, tare da sanin iyayenmu sarakuna.

Ranku ya daɗe, ina rubuto muku wannan takarda ne daga Dakoro a kan wata bukata da ba ta da tsawo idan aka auna ta da mita, amma rayuwar gunduma guda tana rataye da ita. Ina nufin wuraren da ruwa ke ratsa hanyoyinmu: gadoji, da dalo-dalon da ke ƙarƙashin kwalta, da radiye, wato daɓen simintin da ruwa ke bi ta kansa, da mashigan da har yau babu ko buhun siminti guda a cikinsu. Roƙona shi ne a sake auna su, a faɗaɗa waɗanda suka yi wa ruwa da jama'a kaɗan, a gina inda babu, kuma duk aikin da aka fara a riƙa gaya mana inda ya kai.

Sai na fara da godiya, domin wanda bai gode wa kaɗan ba ba zai gode wa mai yawa ba. Hanyar ƙasa mai lamba 30, wadda ta rabu da babbar hanya a wajen Tsibirin Gobir ta bi ta Sabon Mashi da Kornaka har ta iso Dakoro, tafiyar kilomita sama da 100, ta canza mana rayuwa tun da aka gyara ta da tallafin da Bankin Raya Afirka ya amince da shi a 2005. Dattawanmu suna tuna lokacin da zuwa Maradi ke cin yini guda, mota ta kafe a rairayi, fasinja su sauko su tura. Yau gero da wake da dabbobi suna gangarawa kudu, siminti da man fetur da magani suna haurowa arewa, mara lafiyar da asibitin gunduma ya tura gaba yana iya kaiwa Maradi da ransa. Duk wanda ya ga yunwar 2005, wadda Dakoro ke cikin wuraren da ta fi yi wa illa, ya san abin da hanya mai kyau ke nufi idan ana gaggawar shigo da abinci. Amma hanya kamar igiyar guga take a rijiyoyinmu masu zurfi: inda ta fi rauni nan take tsinkewa, kuma idan ta tsinke, tsawonta bai ƙara amfanar kowa ba.

Baƙon da ya zo mana da rani zai yi mamakin jin ana maganar gada a Dakoro. Ba mu da kogi mai gudu shekara zagaye, ruwan saman da muke samu a garin bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kuma yana raguwa idan aka nufi arewa. Sai dai ƙasarmu tana tsakanin manyan kwaruruka biyu. Ta kudu akwai Gulbin Kaba, mai goriba da kaba, wanda ya taso ta wajen Mayahi ya nufi yamma, kuma dole hanyar kwalta ta ratsa shi kafin ta iso mu. Ta arewa akwai kwarin Tarka, wanda ya biyo daga ƙasar Tanut ya wuce ta cikinmu zuwa wajen Madawa. Tsofaffin magudanai ne, sun daɗe da daina gudu irin na da, shi ya sa ido ke raina su. Da damina ta kankama, daga Yuli zuwa Satumba, ƙananan koramu suna kwararo musu ruwa daga tuddai, fadamu su cika, tabkuna su haɗe da juna, wurin da jiya jaki ya wuce da kaya yau ya fi ƙarfin mota.

Akwai abin da masana ruwa suka daɗe da lura da shi a Sahel, kuma manomanmu sun riga su gani da ido. Tun bayan farin 1973 da na 1984, itatuwa da ciyawa sun ragu, an nome dajin da a da yake hutawa, ƙasa ta yi fako a wurare da dama. Ƙasar da ta yi fako ba ta shan ruwa, zubar da shi take yi. Saboda haka ruwan da a zamanin kakanninmu zai nutse a gona, yanzu gangarowa yake yi gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, ɗauke da yashi da kara. Ga kuma yadda saukar ruwan kansa ta sauya: a yi kwana da kwanaki babu ɗigo, sannan a zubo na rabin wata a dare guda.

Daminar 2024 ta isa shaida. Ranar Juma'a 30 ga Agusta, an auna ruwa milimita 150 cikin sa'a ɗaya da rabi a birnin Maradi, aka rasa rayuka aƙalla 15. Wannan ya haura kashi ɗaya cikin uku na abin da Dakoro ke samu a shekara, kuma ya sauka ne a tsakanin azahar da la'asar idan aka kwatanta tsawon lokacin. A cikin watan ne ruwa ya yanke hanya mai lamba 1 a Sorey, dab da Yamai, manyan motoci suka jeru suna jira, babban birnin ƙasa ya ɗanɗani abin da ƙauyukanmu suka saba gani. A jihar Tawa ruwan korama ya kwashi motoci biyu na masu zuwa cin kasuwa, mutum sama da 50 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Tsohon masallacin Birni a Damagaram ya rushe a farkon Satumba. A ƙarshen damina alkaluman gwamnati sun nuna an rasa kusan mutum 400 a faɗin ƙasa, ambaliyar ta shafi wajen miliyan 1.5, har aka ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Babu wanda zai ce mana irin wannan ruwa ba zai dawo ba, kuma girgijen da ya sauke kayansa a Maradi zai iya sauke shi a kan Kornaka ko Birnin Lalle.

A nan ne nake roƙon injiniyoyin ma'aikata su ba ni aron kunne, ko da yake sun fi ni sanin aikinsu. Girman bakin dalo ko tsawon gada ana yanke shi ne bisa ƙiyasin ruwa mafi yawa da ake sa ran zai bi ta wurin cikin wasu shekaru. Hanyoyin lissafin da aka daɗe ana dogara da su a ƙasashenmu na Sahel sun samo tushe ne daga awon da aka yi a shekarun 1950 da 1960, lokacin da daji yake daji. Idan ƙasa ta canza kuma ruwa ya canza, dalon da aka yi daidai wa daida a wancan lissafi ya zama ƙarami a yau. Abin da ke biyo baya mun sha ganinsa: bakin ya cushe da yashi da rassa, ruwa ya taru a gefe ɗaya ya zama tabki, ya hau kan kwalta, ya riƙa cin ƙasar da ke ɗaya gefen har kwaltar ta rasa abin da za ta zauna a kai, ta rufta. Sau da yawa simintin yana nan daram a tsakiyar rami, hanyar da ke gefensa ce ruwa ya tafi da ita. Muna da cibiyar AGRHYMET a Yamai tun 1974, muna da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, dukansu suna riƙe da alkaluman ruwan shekarun nan. Ina roƙon duk gadar da za a gina ko a faɗaɗa a gundumar nan a auna ta da waɗannan alkaluma, a kuma ɗaure gefunanta da duwatsu cikin ragar ƙarfe, domin a nan ɓarna take farawa.

Radiye yana da ranarsa, ban raina shi ba. Yana da araha, ba ya cushewa, kuma a ƙaramar korama wadda ruwanta ke wucewa cikin sa'a guda ya wadatar. Haɗarinsa shi ne yana barin hukunci a hannun direba. Mutum ya ɗauko 'yan kasuwa, rana tana faɗuwa, fasinja suna cewa a shiga, na gabansa ya ƙetare lafiya, shi kuma ba shi da abin da zai gane zurfin ruwan da shi. Ruwa mai gudu da bai kai ƙugu ba yana iya ɗaga mota. Inda aka san ruwa yana kwana, ko inda motocin kasuwa da na marasa lafiya ke bi kullum, radiye ya kamata ya ba gada wuri. Inda kuma ba a kai ga haka ba tukuna, a kafa ginshiƙai masu fenti a gefe biyu, fari da ja, waɗanda ko wanda bai yi lakwal ba zai gane cewa idan ruwa ya taɓa ja ba a shiga. Wannan bai kai kuɗin tayar babbar mota ba.

Sai maganar faɗi, wadda ita ce ta fi damuna. Wanda ya zana gada a ofis yakan ƙirga motoci, alhali a ƙasar Dakoro masu ƙetarewa da ƙafa da kofato sun fi masu taya yawa. Ranar kasuwa a Sabon Mashi ko Sakabal, ku tsaya a bakin hanya ku gani: amalanken shanu da na jakai, 'yan kabu-kabu ɗauke da awaki, mata da tallan fura da nono, yara 'yan makaranta, raƙuma, garken tumaki, ga kamiyo mai hawa biyu cike da shanu yana danna ham. Da rani duk waɗannan sukan sauka gefe su bi ta cikin kwari. Da damina kuwa kwarin ruwa ne, kowa sai ya hau kan gada. Gadar da motoci biyu ke gogar juna a kanta ba ta da wurin tsohuwa mai sanda. Shi ya sa nake roƙon idan za a faɗaɗa, a ware wa masu ƙafa da amalanke gefensu, da shinge mai ƙwari tsakaninsu da motoci, ba layin fenti kawai ba.

Dabbobi kuma suna da haƙƙinsu a doka. Gundumarmu ce mahaɗar noma da kiwo. Dokar 26 ga Mayu 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta bi ta wannan yanki ne, kuma dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi 'yancin kai da komo da garkensa. Da farkon damina garkuna suna haurawa arewa su ba gonaki wuri, bayan girbi su gangaro, kuma burtalolinsu suna gittawa da hanyoyin mota a wurare da yawa. Idan aka ɗaga hanya aka yi mata tudu ba a bar wa burtali ƙofa ba, makiyayi ba shi da zaɓi sai ya kora kan kwalta ko ya faɗa gonar wani, kuma mun san inda wannan ke kai mu. Kwamitocin kula da filaye na gunduma da na ƙananan hukumomi suna da taswirar burtaloli, ardo-ardo da shugabannin Abzinawa sun san su da ka. A zauna da su kafin a kafa turakun awo, kada a jira sai an zuba siminti.

Ranku ya daɗe, arewacin Dakoro ya fi kowa jin jiki. Daga garin zuwa Bermo, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, da Gadabeji, da hanyoyin da suka nufi Belbeji ta gabas ko Keita ta yamma, akasari jar ƙasa ce da sawun mota a rairayi. Can ne dukiyar dabbobi take, can ne tabkin Akadane yake, can ne gandun dajin Gadabeji da aka keɓe tun 1955, wanda UNESCO ta saka cikin jerin wuraren da take karewa a 2017, aka kuma mayar masa da raƙuman dawa daga Kure a 2018. Amma watan Agusta, watan da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara kuma rumbuna suka yi ƙasa, shi ne watan da motar asibiti ke tsayawa a bakin kwari tana kallon ruwa. Mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata ba ta da kwana biyun da za ta jira ruwa ya janye. Na san shimfiɗa kwalta a duk waɗannan hanyoyi abu ne mai tsada da ɗaukar lokaci. Abin da nake roƙo ya fi haka sauƙi: a fara da mashigai. Hanyar ƙasa mai kyawawan mashigai tana aiki wata goma sha biyu, ko da direba zai yi tafiyar hawainiya.

Wani abu kuma da zai sa kuɗin ya yi aiki biyu. Mu da muke kukan ruwa a Agusta, mu ne muke kukan ƙishirwa a Afrilu. A kwaruruka na Adar, cikin jihar Tawa, an gina ƙananan madatsai masu baza ruwa, waɗanda ke rage masa gudu su shimfiɗa shi a fadama ya nutse, rijiyoyi su ɗago, mutane su yi noman rani na albasa da tumatir. Irin wannan gini ana iya haɗa shi da mashigin hanya, ya zama sama mota ta wuce, gefe kuma ruwa ya tsaya wa dabbobi da masu lambu. Mutanen Birnin Lalle sun san amfanin tabkinsu. Sai dai a yi ginin da shawara, domin wanda ya tare ruwa a sama ya taɓa abincin na ƙasa. Mutanen kwarin Gulbin Maradi da masuntan tabkin Madarunfa sun ga yadda ruwa ya canza musu bayan gina madatsar Jibiya a jihar Katsina. Haka kuma ramukan da 'yan kwangila ke haƙa don ɗibar jar ƙasa: idan aka bar su da gaɓa a tsaye suna zama tarkon yara da damina, idan kuwa aka kwantar da bakinsu aka nisanta su da gidaje sai su zama mashayar dabbobi. A rubuta wannan cikin takardar kwangila tun farko.

Yanzu ga abin da ba ya bukatar ko dala, wato labari. Abin da ya fi cin ran talaka a aikin hanya shi ne rashin sanin halin da ake ciki. A ga motocin aiki sun zo, an tare hanya, an buɗe ta wucin gadi a gefe, sannan wata rana a wayi gari babu kowa. Daga nan sai jita-jita ta karɓi fage: wani ya ce kuɗi sun ƙare, wani ya ce an cinye, wani ya ce an mayar da aikin wani gari. Wataƙila dalilin mai sauƙi ne, jiran kaya ko jiran biya, amma tunda ba a faɗa ba, hukuma ce ke kwasar zargi. Ƙasarmu tana da dokar 23 ga Fabrairu 2011 da ta ba ɗan ƙasa damar samun bayanan hukuma, kuma kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Ina roƙon a kowane wurin aiki a kafa allo da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da sunan kamfani, da kuɗin aikin, da inda kuɗin suka fito, da ranar farawa da ranar da aka yi alkawarin gamawa. Sau ɗaya a wata, jami'in ayyuka na gunduma ya shiga gidan rediyon al'umma ya ce ga inda aka kai, ga abin da ya rage, ga dalilin jinkiri idan akwai, a maimaita da Fulatanci da Tamashek. Mutanenmu masu haƙuri ne idan aka gaya musu gaskiya.

Lokacin aiki ma abin dubawa ne. Daga Nuwamba zuwa Mayu kwari a bushe yake, wata bakwai cur. Aikin gadar da aka fara a Mayu yakan haɗu da ruwan farko yana tsakiyar haƙa, ruwa ya cike ramin, ya kwashe hanyar wucin gadi, jama'a su koma halin da ya fi na da muni. A ba da kwangila da wuri yadda za a shiga aiki da zarar an gama girbi. Wanda kuma faɗaɗawar za ta ci gonarsa ko rumfarsa, dokar karɓar fili don aikin jama'a tun ta 1961 da gyaran da aka yi mata a 2008 ta ce a biya shi diyya kafin a karɓa. A cika masa wannan, domin gonar da ke bakin fadama ita ce mafi daraja a wurin mai ita.

Ba zan ɗora muku kaya duka ba, mu ma muna da namu. Mu ne muke zuba shara a bakin dalo a cikin gari, mu ne muke ɗibar yashi a gindin gada don yin bulo, a cikinmu ne ake samun masu kwance ƙarafan shinge su sayar. Masu manyan motoci kuma suna lodin da ya wuce ƙa'ida, alhali dokar ƙungiyar UEMOA ta 2005 ta tsaida tan 11.5 a kan ƙarfe guda mai riƙe da tayoyi, kuma injiniyoyi sun tabbatar cewa idan nauyin da ke kan wannan ƙarfe ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkawa kusan sau 16. Iyayenmu sarakunan Kornaka da Birnin Lalle da masu garuruwansu, da limamai, da shugabannin tasha, suna iya tsawatarwa a ji. Idan Asusun Kula da Hanyoyi, wanda muke biyan kuɗin hanya dominsa, ya ware ɗan abin da za a ba matasan kowane ƙauye da ke kusa da mashigi, za su yashe bakin dalo a watan Mayu kafin ruwan farko, su kuma kai rahoto da zarar sun ga tsaga. Shebur da baro a kan lokaci suna hana aikin miliyoyi.

Mun san halin da baitulmali ke ciki, mun san tsaro yana cin kaso mai yawa, kuma ba Dakoro kaɗai ke da bukata ba. Ƙasar da ta gina gadar Janar Seyni Kunce a Yamai da gadar Jibo Bakari a Farie ba za ta gaza kan mashigan Tarka da Gulbin Kaba ba, ko da za a yi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da zai sa a san wanda za a fara da shi shi ne gani da ido. Don haka nake roƙon Mai girma Gwamna ya turo tawagar injiniyoyi cikin watan Agusta, lokacin da ruwa yake kan ganiyarsa, ba da rani ba. Su ɗauki direban motar asibiti, da wakilin direbobin tasha, da ardo, da ungozoma, su bi hanya daga Tsibiri har Bermo, su tsaya duk inda waɗannan mutane suka ce a tsaya. Jerin da za su fito da shi a karanta mana shi a rediyo, a liƙa kwafinsa a ofishin gunduma, tare da shekarar da aka sa wa kowane mashigi.

 

Daga ɗanku, mazaunin Dakoro.